Ofishin tsara kamfe da rubuta jawabi a Agege: inda kuɗinka zai yi aiki da inda zai tafi a banza

A yankin Agege akwai wani ƙaramin ofis da ke sayar wa 'yan takara hidimar tsara yaƙin neman zaɓe. Yawancin masu zuwa wurinsa masu neman kansila ne, sai ɗaiɗaikun masu neman ciyaman ko majalisar jiha, kuma kusan dukansu mutane ne da ke buƙatar ƙuri'ar 'yan Arewa mazauna Legas: Agege da Orile-Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende, Ijora, da ɓangaren Alaba Rago. Abin da suke sayarwa kashi huɗu ne: lissafin ƙuri'a rumfa-rumfa, horar da ejan-ejan, rubuta jawabi, sai fasta da aikin waya. Ana iya ɗaukar duka, ana iya zaɓa. Hukuncinmu tun daga farko shi ne, kashi biyun farko sun cancanci kowace naira, jawabin yana buƙatar gyara mai yawa kafin a hau mumbari da shi, aikin waya kuwa rabinsa asara ne.

Zaman farko kyauta ne, kuma a nan ake gane cewa mutanen sun san Legas. Tambayar da suke fara yi ita ce wace kujera kake nema, kuma wace hukuma ce za ta gudanar da zaɓen. Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Jihar tana da ƙananan hukumomi 20 da kundin tsarin mulki ya sani, sannan da wasu 37 da aka ƙirƙira a 2003 zamanin gwamna Bola Tinubu, waɗanda ake kira LCDA. Hukumar zaɓe ta jiha, LASIEC, ita ke yin zaɓen dukan 57 ɗin, da mazaɓun kansila 376. INEC kuwa, mai yin zaɓen majalisar jiha zuwa sama, mazaɓu 245 ta sani a Legas. Saboda haka iyakar mazaɓarka a takardar LASIEC ba lallai ta yi daidai da ta INEC ba, kuma ɗan takarar da bai tantance wannan ba yana iya ɓata wata guda yana rabon shinkafa a layin da ba zai zaɓe shi ba. Ofishin yana zana maka iyakar a kan taswira, layi-layi, kafin a yi maganar komai.

Suna kuma faɗin gaskiyar da wasu masu irin wannan sana'a ke ɓoyewa don kada ciniki ya tsere. A zaɓen ƙananan hukumomi na 12 ga Yuli 2025, APC ce ta lashe kujerun ciyaman 57 gaba ɗaya. Wanda ke neman kujera a ƙarƙashinta, yaƙinsa na gaskiya a zaɓen fidda gwani yake, kuma galibi a teburin sasanci ake gama shi, tsakanin shugabannin mazaɓa da iyayen jam'iyya. Ofishin ba ya da'awar yana da hannu a wannan teburi. Abin da yake iya ba ka shi ne hujjar da za ka ajiye a gaban masu teburin: ga adadin mutanena masu kati, ga rumfunansu, ga abin da suka jefa a zaɓen baya. Wanda ke jam'iyyar adawa kuma suna tuna masa cewa Legas ba dutse ba ce: a zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu 2023 Peter Obi ya samu ƙuri'a 582,454 a jihar, Tinubu ya samu 572,606, amma makonni uku bayan haka Babajide Sanwo-Olu ya koma kujerar gwamna da 762,134. Mutane ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne wanda ya fito da wanda ya zauna a gida, da kuma wanda ya tsare rumfa.

Lissafin ƙuri'a shi ne gwanintarsu. Legas tana da rumfunan zaɓe 13,325 da masu rajista fiye da miliyan 7 a 2023. Idan aka raba, kowace mazaɓar kansila tana da rumfa wajen 35, kowace rumfa mutum ɗari biyar da 'yan kai. Amma waɗanda suka fito a manyan zaɓukan 2023 ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, zaɓen ƙananan hukumomi kuma ya fi haka rashin jama'a. A ɗauki misali: mazaɓa mai mutum 18,000 a rajista, idan kashi 10 cikin 100 suka fito, ƙuri'a 1,800 ce za a raba. Mai 1,000 ya ci. Wato mutum 30 tabbatattu a kowace rumfa sun isa. Da wannan lissafi ofishin ke aiki, kuma shi ya sa ba sa damuwa da cika fili da taro.

Yadda suke yi shi ne, ana naɗa jagora ɗaya a kowace rumfa, wanda yake kwana a layin. Ana ba shi littafi mai shafi-shafi, ya rubuta sunan mutum, lambar wayarsa, lambar rumfar da ke jikin katinsa, da inda yake kwana. Sharaɗin shi ne sai jagoran ya ga katin da idonsa. A nan ne asirin unguwannin Hausawa ke tonuwa. Kasuwa cike take da jama'a, majalisar mai shayi cike take, amma idan aka ce a fito da kati sai ka ga na wannan Dawanau ne, na wancan Illela, na ɗayan Potiskum. Ɗan gwari da ke sauke tumatir a Mile 12 wata takwas a shekara yana iya yi maka rantsuwa cewa ƙuri'arsa taka ce, alhali rajistarsa tana Kura. Ofishin yana raba littafin gida uku: masu katin mazaɓar, masu katin Legas amma wata mazaɓa, da masu katin gida. Kashi na farko kaɗai ake ƙirgawa. Sauran biyun ana taimaka musu su nemi INEC ta sauya musu wurin zaɓe, kuma dole a yi da wuri, domin Dokar Zaɓe ta 2022 ta rufe wannan ƙofa kwana 90 kafin zaɓe, sannan sai lokacin da hukumar ta buɗe rajista. LASIEC ba ta da rajistar kanta, ta INEC take amfani da ita. Wanda ya zo ofishin saura wata biyu zaɓe, wannan ɓangaren ya riga ya wuce shi.

Dalilin rubuta inda mutum yake kwana shi ne, ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar ababen hawa. Wanda ya yi rajista a bakin rumfarsa ta kasuwa amma yana kwana a Ikorodu ko Sango, ba zai iso ba sai in ya kwana a kasuwar a daren Juma'a. Mahauta da ke aiki a mayankar Oko-Oba, da masu gadi da ke kwana a gidajen iyayen gidansu a Ikoyi ko Ikeja, duk matsalarsu ɗaya ce. Ofishin yana ware sunayen irin waɗannan, a tanadi inda za su kwana da abin karin kumallo. Ƙaramin abu ne, amma 'yan takara da yawa ba sa tuna shi sai da hantsin Asabar.

Horar da ejan rabin yini ne, ana yin sa sau biyu, kuma ba mu ga abin kushewa a ciki ba. Ana koya wa ejan ya isa kafin ma'aikatan zaɓe, ya ga an nuna akwati babu komai, ya tsaya a ƙirga a gabansa, ya duba an rubuta adadi da lamba da kuma kalmomi ba tare da kankara ba, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoton takardar, sannan ya bi akwatin har wurin tattara sakamako. A zaɓen INEC takardar ita ce EC8A, kuma ana nuna masa yadda zai gwada adadin da na'urar BVAS ta tantance da adadin ƙuri'un da aka jefa. Suna nacewa a miƙa sunayen ejan-ejan ga hukuma a kan lokaci, dokar 2022 ta ce aƙalla kwana 14 kafin zaɓe, kuma a raba kuɗin ejan biyu: kaɗan da safe, babban kason sai ya kawo takarda mai sa hannu. Ejan da aka biya duka da safe, da azahar ya tafi cin abinci. Shawararsu ta a haɗa Bahaushe da Bayarabe a rumfunan da jama'a ke gauraye ita ma daidai ce, domin gardama a bakin akwati da Yarbanci ake yin ta.

Sai jawabi, wanda shi ne abin da ya fi jawo musu mutane kuma shi ne mafi rauni. Suna ba da iri uku: gajere na minti biyu don majalisa da shiga shago-shago, matsakaici na minti biyar don zama da ƙungiyoyi da gaisuwar sarakuna, da dogo na ranar ƙaddamar da takara. Kafin rubutu ana zama da ɗan takara kamar awa ɗaya, ana naɗar muryarsa a waya. Dabarar mai kyau ce, domin marubuci ya kamata ya ji irin kalmomin da mutum ke amfani da su, da tsawon numfashinsa. Matsalar ita ce ba a ganin tasirin wannan naɗi a cikin dogon jawabin. A bayyane yake cewa da Turanci ake fara rubuta shi sannan a juya. Za ka ga jimla irin wannan: "Manufarmu ita ce samar da ingantaccen shugabanci mai tafiya da kowa domin ɗorewar ci gaba a matakin tushe." Babu kuskuren nahawu a ciki, amma babu ɗan dako ko mai kura da zai maimaita ta ga abokinsa da dare. Abin da za a iya maimaitawa shi ne: "Tikiti uku ake yankar muku a rana, rasit ɗaya kuke gani. Zan tambayi inda biyun suke shiga, kuma zan tambaya a zauren majalisa, da sunana." Jimlar farko ta dace da takardar manufofi. Ta biyu tana da lamba, tana da mai laifi, tana da alkawarin da za a iya kama mutum da shi.

Gajeren jawabin ya fi, wataƙila don babu wurin zuba manyan kalmomi. Tsarinsa mai sauƙi ne: wane ne ni kuma a wane layi nake, matsala ɗaya da kowa a wurin ya sani, abu ɗaya da zan yi, sai ranar zaɓe da alamar jam'iyya. Kalmomi 230 zuwa 250, daidai da minti biyu ga mai magana a natse. Dogon kuwa yana kaiwa kalmomi 2,000, wanda ya haura minti goma sha biyar ko ba a tsaya ba. A Agege ba a yin taro da harshe ɗaya. Idan tafinta zai juya zuwa Yarbanci, lokacin ya ninka, ga zafi, ga janareta, ga kiran sallar la'asar da zai kwashe rabin jama'a. Jawabin gangami a irin wannan wuri kada ya wuce kalmomi 700, a gutsura shi jimla biyu-biyu don tafinta, kuma a ba tafintan kwafinsa kwana ɗaya kafin taro. Ofishin ba ya yin wannan sai ka nema.

Babban aibin da ya fi tsawo haɗari shi ne alkawarin abin da ba ya hannun kujerar. A samfurin jawabin kansila da suke nunawa akwai maganar dawo da acaɓa. Haramcin acaɓa na gwamnatin jiha ne: daga 1 ga Yuni 2022 aka hana a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, daga baya a shekarar aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Kansila ba shi da ta cewa a ciki, ciyaman ma haka. Kama motoci aikin LASTMA ne, hukumar kula da zirga-zirga ta jiha, kwashe bola yana ƙarƙashin LAWMA, hukumar shara ta jiha, da 'yan kwangilarta, mayankar Oko-Oba ta jiha ce. 'Yan acaɓa sun san wanda ya kwashe musu babura, kuma ɗan takarar da ya ce zai dawo da su ya nuna ko bai san aikinsa ba ko yana raina musu hankali. Abin da ya kamata marubuci ya buɗe shi ne jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, banɗakunan jama'a, ƙananan tituna da kwatoci, maƙabartu, lasisin baro da amalanke, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya na farko. A cikin wannan jeri akwai abin da ya ishi jawabi goma a kowace unguwar Hausawa. Kwata da ke toshewa duk damina ta malalo cikin rumfuna, banɗaki ɗaya ga layi guda, kuɗin baro da ake karɓa ba rasit, wurin binne mamata. Kansila ma ba shi ke ba da kwangila ba, ɗan majalisa ne: yana kafa dokokin ƙaramar hukuma, yana duba kasafi, yana sa ido. Jawabinsa ya ce "zan kai, zan nace, zan ƙi sa hannu", kada ya ce "zan gina".

A wuri ɗaya kam sun yi abin yabo, wato jerin gaisuwa. Shafin farko na kowane jawabi yana zuwa da tsarin wanda za a fara ambata: basaraken ƙasa ko baale, sannan Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, limamai, shugabannin jam'iyya na mazaɓa, iyaloja da babaloja (shugabannin kasuwa mace da namiji), shugabannin ƙungiyoyin unguwa da ake kira CDA, sarkin fawa, shugabar mata, shugaban matasa. Suna kiran waya su tabbatar da sarautar kowa kafin su rubuta, musamman a unguwar da mutum biyu ke jayayya a kan rawani ɗaya. Wanda ya san siyasar zango ya san cewa tsallake suna ɗaya yana iya cin rumfa uku. Sai dai gaisuwar kan cinye minti uku, don haka a bar wa mai gabatarwa dogon jerin, ɗan takara ya ɗauki manya huɗu ko biyar ya ce sauran a yi masa afuwa.

Suna kuma tsare ɗan takara daga furucin da zai jawo masa shari'a ko rigima. Dokar 2022 ta hana kamfe da sunan addini ko ƙabila, ta hana zagi da kalaman tunzura jama'a, ta kuma hana amfani da wuraren ibada, ofisoshin 'yan sanda da ofisoshin gwamnati wajen kamfe. Ɗan takara Bahaushe a Legas yana cikin jarabar cewa "namu ya samu", kuma ko doka ba ta kama shi ba lissafi zai kama shi, domin da wuya a samu mazaɓar da ƙuri'ar 'yan Arewa kaɗai za ta ci. Jumla ɗaya da aka ɗauka a bidiyo aka juya zuwa Yarbanci ta isa ta rufe masa sauran layukan. Ofishin yana goge irin wannan ko da ɗan takara ya so a bari, kuma ba ya tsara jawabi a cikin masallaci. Gaisuwa bayan an fito, a waje, ita suke shiryawa.

Gyaran jawabin ba shi da wuya idan ka san abin da za ka nema. Ka ce a rubuta da Hausa kai tsaye daga muryarka da aka naɗa. Ka karanta shi da ƙarfi a tsaye, duk inda numfashi ya yanke maka a tsakiyar jimla a raba ta. Ka karanta wa mutum uku da ba 'yan siyasa ba, washegari ka tambaye su abin da suka riƙe; in babu, a sake. A buga da manyan haruffa a rabin shafi na sama kawai don kada kanka ya yi ta sunkuyawa, ko kuma a mayar da shi kati biyar masu kalma uku-uku. Ɗan takarar da karatun boko bai zauna masa ba, ya nemi a naɗa masa jawabin da murya ya yi ta saurare, ko a rubuta masa da ajami. Ofishin ba shi da mai ajami, amma Agege ba ta rasa malamin da zai yi.

Fasta ba su da matsala. A Shomolu suke bugawa kamar kowa, kuma suna gaya maka tun farko cewa hukumar LASAA ce ke kula da tallan waje a jihar, tana yage abin da aka liƙa a gadoji da manyan tituna. Shawararsu ita ce ƙananan fasta a cikin layuka da izinin masu gida, da ƙyalle biyu ko uku a mashigar kasuwa. A duba alamar jam'iyya ta fito babba, domin ita mai zaɓe zai nema a takardar ƙuri'a, hoton ɗan takara ba ya ciki.

Aikin waya gauraye ne. Saƙon murya na daƙiƙa arba'in da ake turawa ta WhatsApp ta hannun jagororin rumfa yana aiki, saboda daga wanda aka sani yake fitowa kuma ba ya buƙatar karatu. Tallan Facebook da shafin TikTok da suke sayarwa a haɗe kuwa, ga kujerar kansila, kamar zuba ruwa ne a kwando: masu yabo da tafi yawancinsu suna Kano da Kaduna, babu mai kati a Orile-Agege. Haka tura saƙon tes ga dubban lambobin da aka sayo. Da yawa sun toshe irin wannan saƙo da lambar 2442, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba ta yarda a yi amfani da lambar mutum yadda aka ga dama ba. A cire wannan daga yarjejeniya, kuɗin ya koma ga ejan.

Batun kuɗi yana buƙatar ido. Farashinsu ba a rubuce yake ba, ana duban mutum ne a yanka masa, don haka a je da wanda ya iya ciniki. Dokar 2022, a lokacinta, ta sa iyakar kashewa naira miliyan 5 ga kansila, miliyan 30 ga ciyaman da ɗan majalisar jiha, kuma ko da kowa ya san yadda ake yi da wannan iyaka, ladan ofis bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ka tanada ba. A biya kashi uku: bayan taswira da littafin rumfuna, bayan jawabai da horo, sai na ƙarshe bayan zaɓe. Kuɗin ejan da na jagorori kada ya bi ta hannun ofishin, ma'ajin ɗan takara ya biya kai tsaye da sa hannu. A rubuta a takarda cewa ba za su yi wa abokin hamayya aiki a mazaɓa ɗaya ba, domin ba sa faɗin hakan da kansu, kuma suna karɓar 'yan jam'iyyu daban-daban. A kuma rubuta cewa littattafan rumfuna, da kwafinsu na kwamfuta, mallakar ɗan takara ne kuma za a miƙa masa su cikin mako guda bayan zaɓe. Idan ba a rubuta ba suna riƙewa, kuma wanda ya zo neman kujerar bayan ka da su za a yi masa aiki.